Anakonda ba mesa ba ce

Tambaya: Malam, na ji wani mai labarai ya kira anakonda "mesar Amurka". Daidai ne?

Amsa: Kama da wane ba wane ba ne. Na san abin da ya ruɗe shi: dukansu manya ne, ba su da dafi, kuma kanannaɗe dabba suke yi su matse ta har jini ya daina gudana, sannan su haɗiye ta ɗungurungum. Amma danginsu daban. Mesar da muka sani ƙwai take yi, ta naɗe jikinta a kansu har su ƙyanƙyashe. Anakonda kuwa haihuwa take yi, 'ya'ya 20 zuwa 40 a ciki ɗaya. Gidanta Kudancin Amurka, a fadamun kogin Amazon da na Orinoko, da filayen Banezuwela da ruwa ke malalewa da damina. Idanunta da ƙofofin hancinta a saman kai suke, don haka sai ta nutse ta yi kwanton ɓauna, ta jira barewa ko kada ko kafibara, wani ƙaton ɗan uwan ɓera. Macen ta fi namijin girma nesa ba kusa ba, tana iya wuce mita 5.

Abin da ke damuna shi ne sakaci da suna. Kakanninmu ba su tara macizai a kalma ɗaya ba. Sun ware kasa mai barci, da kububuwa, da kumurci mai tofi, da gamsheƙa, don mai noma ya san wanda ya tarar a kunya. Yau yaron birni kowane dogon abu "maciji" ne a wurinsa, in ya yi kauri ya ce mesa. Dabbar da ba ta ƙasarmu a bar mata sunanta, a ce anakonda, a yi bayani.

Tambaya: "Ya" ake ce mata ko "ta"?

Amsa: Ta, kamar mesa.

Tambaya: Za a ce anakonda ta sari mutum?

Amsa: A kunnena sara na mai dafi ne, kamar yadda harbi yake na kunama. Anakonda cizo take yi don ta riƙe, da haƙora masu lanƙwasa ciki. Ka ce ta cije shi, ta kanannaɗe shi.

Tambaya: Mene ne "an kashe maciji ba a sare kansa ba"?

Amsa: An magance matsala sama-sama, an bar tushenta, za ta dawo.