Ma'anar "dismay" da yadda ake saka ta cikin jimla

Ɗan'uwa daga Marwa ta ƙasar Kamaru mai shirin jarrabawar sakandare ta Probatoire, ka tambaya ko "dismay" da "disappointment" abu ɗaya ne. Suna kusa, amma akwai bambanci.

"Disappointment" rashin samun abin da ka sa rai ne kawai. "Dismay" kuwa ta fi nauyi: mummunan abu ya zo ba zato, gabanka ya faɗi, jikinka ya yi sanyi, ka rasa ta inda za ka ɓullo. Manomin da ya wayi gari ya tarar kogin Binuwai ya shanye masa gonar dawa, wannan halin ne. Tunda Faransanci kuke karatu da shi, "consternation" ce ta fi dacewa, "déception" kuma ta "disappointment" ce. Kalmar "dismay" ma daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci, tushenta ɗaya da "émoi", wato tashin hankali.

Ana furta ta dis-MEI, ƙarfin murya a gaɓa ta biyu.

Inda ɗalibai ke asarar maki shi ne nahawu. A matsayin suna ba a ƙirga ta, don haka babu "a dismay", babu jam'i. Sai ka ce "to my dismay, the price rose", ko "she looked at the farm in dismay". In mutum ne abin ya sama, dole ka ƙara -ed: "I was dismayed by the news". "At" ma tana shiga wurin "by". Amma "I am dismay" kuskure ne tsantsa.

A rubutu da labarun jarida aka fi cin karo da ita, a hira ba sosai ba. Kada kuma ka rikita ta da "dismiss", wadda ke nufin sallama ko kora.