Tambaya da Amsa: 'Yata Na Son Zama Masaniyar Taurari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya mai shekara bakwai wadda da zarar dare ya yi sai ta ɗaga kai sama ta dame ni da tambayoyi, har kwanan nan ta ce me ya sa wata yake bin mu duk inda muka nufa. Yanzu ta ce binciken taurari za ta yi idan ta girma. Ni ban karanta kimiyya ba. Shin wannan sana'a ce da za ta riƙe mutum, kuma in saya mata na'urar hangen nesa tun yanzu? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce ki ɗan dakata da sayen na'urar, domin irin waɗanda ake yi wa yara sukan yi rawa da an taɓa su, sai yaro ya yi ta laluben wata bai same shi ba har abin ya fita daga ransa. Abin da ya dace da shekarunta shi ne idonta da littafin rubutu da fensir.

Ki sa ta riƙa zana wata kowane dare, daga ranar da jinjirinsa ya tsaya, tana rubuta kwanan wata da lokaci a ƙasan kowane zane. Kafin ta cika shafi talatin, da kanta za ta gano cewa siffarsa tana dawowa bayan kusan kwana 29 da rabi, kuma fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Ki nuna mata Zara matar wata, ki gaya mata cewa ita duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, shi ya sa haskenta ba ya ƙyaftawa irin na taurari. Ki sa ta ƙirga Kaza da 'Ya'yanta. Yawancin mutane taurari shida ko bakwai suke gani a cikin wannan tarin, amma da madubin hangen nesa mai ido biyu za ta ga gommai. Ko Galileo, masanin taurari ɗan ƙasar Italiya, lokacin da ya hangi ƙananan haske huɗu da na'urarsa kusa da duniyar Mushtari (wato Jupiter) a shekarar 1610, zana su ya riƙa yi dare bayan dare, har ya tabbatar cewa watanni ne masu zagaya ta. Sai dai ki gargaɗe ta da babbar murya: kada ta kuskura ta kalli rana da ido ko da madubi, don hakan yana iya makantar da mutum.

Game da sana'ar kuwa, ya kamata ki sani cewa wannan ilimi reshe ne na kimiyyar lissafi da fiziks, kuma ba shi da alaƙa da duba ko faɗin abin da zai faru ga mutum, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. Mai son ya zama mai bincike yakan yi digiri na farko a fiziks ko lissafi, sannan na biyu, sannan na dakta. Yawancin lokacinsa a gaban kwamfuta yake ƙarewa, yana rubuta manhaja domin tace bayanan da ke zuwa daga na'urorin hangen nesa irin su James Webb da aka harba sararin samaniya a Disamban 2021. Gurabun aiki a jami'o'i da cibiyoyin bincike ba su da yawa, ba zan ɓoye miki ba, amma wanda ya ƙware a lissafi da sarrafa bayanai ba ya rasa abin yi a harkar tauraron ɗan Adam ko koyarwa. Saboda haka lissafinta na makaranta shi ne abin da za ki fi sa wa ido. Kasancewarta mace kuma ba cikas ba ne: Jocelyn Bell tana ɗaliba a Jami'ar Kambirij a 1967 ta lura da wani ɗan ƙaramin zane a doguwar takardar na'urar da ke kamo sigina daga sararin samaniya, ta ƙi yin watsi da shi, daga nan aka gano wani sabon nau'in tauraro mai aiko da sigina kusan kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi.

Tambayarta kan wata kuwa, nisa ne ya jawo haka, domin yana da tazarar kusan kilomita 384,000 daga gare mu. Idan kuna tafiya a mota, ki nuna mata yadda bishiyoyin bakin hanya suke wucewa da gudu, dutsen da ke can nesa yana tafiya a hankali, sannan ki tambaye ta abin da take ganin zai faru da abin da ya fi dutsen nisa sau dubbai.