Keken ɗinki kaɗai zai ishe ta?

Yaya, kin tambaya ko keken ɗinki zai tsayar da ƙanwarki da ƙafarta, wadda masu safarar mata suka kai Libiya da sunan aikatau suka tilasta mata karuwanci. Gaskiya shi kaɗai ba zai isa ba, sai kin nemo mata masu saye, kuma don Allah kar a yi tallan kayan da labarinta.

Nan wajen Ringim mun gani, wata da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ta dawo wa iyayenta da ita, an sai mata keken ɗinki Butterfly sabo fil amma da matan gari suka ji labari ko gyaran zip ba sa kawo mata, wata 3 keken na lulluɓe da zani. Sai da yayarta ta fara kai hijaban da ta ɗinka kasuwar Maigatari ran Alhamis, ba wanda ya san na wance ne, tana kawo mata kuɗinta cif.