Tambaya da Amsa: Yaya aka yi rinin Japan ya shiga gidajen tarihin Turai?

Tambaya: Ni marini ne a Marwa, na gaji sana'ar daga mahaifina. Kwanan baya na ga wani shiri a talabijin inda aka nuna tufafin Japan masu rinin shuni a wani gidan tarihi na birnin Paris, kuma da ba a faɗa ba, da na rantse daga karofinmu suka fito. Shin su ma kwace musu aka yi, kamar yadda aka yi wa kayan Afirka? Kuma me ya sa ake adana tufafin da talaka ke sawa?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Idonka bai yaudare ka ba, domin rininsu ɗan'uwan naka ne, ko da yake ganyen da suke amfani da shi ba irin ganyen baba namu ba ne. A yankin Tokushima ana shanya ganyen, a tara shi ana yayyafa ruwa ana juyawa kimanin kwana 100 har ya ruɓe, sannan a haɗa shi da ruwan toka a cikin manyan tukwane. Suna kuma da rinin ɗauri da suke kira shibori, wanda garin Arimatsu ya shahara da shi tun bayan kafuwarsa a 1608.

Game da kwace, tarihinsu ya sha bamban da namu, domin Turawa ba su taɓa yi wa Japan mulkin mallaka ba, kuma mafi yawan abin da ke Turai saye aka yi. Sai dai cinikin ya zo ne lokacin da masu kaya ke cikin matsi. Bayan sauyin mulki na 1868, an yi ta muzguna wa wuraren ibadar mabiya Buddha, har wasu suka sayar da kayansu da araha. A 1876 kuma gwamnati ta hana jarumawan samurai rataya takobi, sai maƙeran da ke yi wa takubba ado suka rasa masu saye, suka koma ƙera kayan ƙawa domin kasuwar waje. A wannan shekarar ce wani attajirin Faransa, Émile Guimet, ya ziyarci Japan ya kwaso kaya masu yawa, kuma gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa ya buɗe a Paris a 1889. A ganina, wanda ya saya daga hannun mai yunwa bai yi sata ba, amma kada ya yi alfahari da cinikin.

Tambayarka ta biyu ta fi jan hankalina. Da farko, abin da ake ɗauka da daraja shi ne kayan fada da na wuraren ibada, irin su akwatunan da aka shafe da ƙaron itacen urushi aka barbaɗa musu garin zinariya. Wani masani mai suna Yanagi Soetsu shi ne ya tsaya kai da fata cewa kwanon da manomi ke cin abinci da rigar da masunci ya yi wa faci suna da kyan da ya cancanci adanawa, ko da ba a san wanda ya yi su ba. Shi da abokansa suka raɗa wa irin waɗannan kaya suna mingei, wato sana'ar talakawa, kuma a 1936 ya buɗe musu gidan tarihi na kansu a Tokiyo. Ka ƙaddara wani ya ɗauki tsohon ƙore da tabarmar kaba da zanen saƙi ya ajiye su inda ake ajiye alkyabbar lamido. Haka abin ya zo wa mutanen lokacin.

Daga baya mutanen Japan sun gane cewa ajiye tufa a bayan gilashi ba ya koya wa kowa rini. Gobarar da ta lalata zane-zanen bangon haikalin Horyuji a 1949 ta sa aka kafa dokar kare kayan al'adu a 1950, kuma daga 1955 gwamnati ta fara zaɓen gwanayen sana'a tana ba su matsayin da jama'a ke kira taskar ƙasa mai rai, daga bisani kuma ta ƙara musu da tallafin kuɗi duk shekara domin su ci gaba da aiki su horar da almajirai. Cikin waɗanda aka zaɓa a 1955 har da abokiyar sana'arka, wata tsohuwa 'yar ƙauye mai suna Chiba Ayano, wadda ita ke noma ramarta da ganyen shuninta, ta saƙa, ta kuma rina da hannunta.