Koren da ya ƙi fita daga gefen mayafi

Ka ce ka ɗora Keylight, abin cire koren bango, a manhajar gyaran bidiyo ta After Effects, ka tsinci koren ƙyallen da ke bayan jarumar ya tafi, amma kumatunta da kafaɗarta sun rage da kore-kore, da ka ƙara matsawa kuma sai mayafinta ya fara hujewa. Kana tambaya wane maɓalli ka manta. To ƙanena, matsala biyu ka haɗa wuri guda, kowace da maganinta.

Da farko daina kallon hoton mai launi. Juya shi zuwa Screen Matte, inda komai zai koma baƙi da fari. Fari shi ne abin da zai zauna, baƙi abin da zai tafi, toka-toka kuwa rabi da rabi. Nan za ka ga bayan da kake zaton ya tafi cike yake da ɗige-ɗige, jikinta kuma da ramuka. Ɗaga saitin Clip Black na cikin Keylight sannu a hankali har bayan ya yi baƙi ƙirin, ka sauko da Clip White har jikin ya yi fari fat, sai ka cire hannunka. Tokar nan da ke gefe kada ka kashe ta. Ita ke riƙe da bakin mayafi mai shara-shara da yatsun da ke motsi. In ka kashe ta, mutum zai fito kamar an yanko shi da almakashi an manna, kuma ko wanda bai san aikin ba zai gane daga nesa.

Kada ka ɗora wa saiti ɗaya jiki duka. Fara zagaye jarumar da layi, ka zubar da ƙafar fitila da ƙarshen ƙyallen, don kada su wahalar da kai a banza. Sannan ka yi kwafi biyu na hoton: ɗaya mai tsauri, ka ɗan tsuke shi ciki ya toshe tsakiyar jiki, ɗaya mai laushi ya kula da gefe kawai. Ramukan mayafin za su rufe ba tare da ka ci bakinsa ba.

Koren da ke kumatunta kuwa ba ragowar bango ba ne. Haske ne ya bugi ƙyallen ya dawo jikinta. Shadda mai sheƙi da fuskar da ta yi gumi sun fi komai ɗaukarsa. Advanced Spill Suppressor, abin goge koren da ya fantsamo a jiki, zai rage shi, amma ka sa ido in akwai ruwan ɗorawa a kayanta, don yakan jirkita shi. Ni dai na fi son a kashe wannan matsala tun a wurin ɗauka: a goge ƙyallen sumul, a haska shi da fitilunsa daban, hasken ya zama daidai daga gefe zuwa gefe, a matso da jarumar gaba kamar mita 2 zuwa 3 don inuwarta kada ta faɗa kai. In kayan da za ta sa suna da kore, ko da zaren aikin wuya ne, a shimfiɗa shuɗi.

Abin da ya sa aka fi yin kore shi ne, a yawancin kyamarori, cikin kowane ido huɗu na abin da ke karɓar haske biyu na kore ne, ɗaya na ja, ɗaya na shuɗi, don haka kore ya fi fita da tsabta, ga shi ya yi nesa da launin fata. Amma yawancin wayoyi da ƙananan kyamarori suna ajiye hoto a 4:2:0, wato kashi ɗaya cikin huɗu kawai na bayanin launi suke riƙewa, alhali da launin kake yanka. Shi ya sa gefe ke fitowa da ƙananan murabba'i. In akwai damar 4:2:2, wanda ke riƙe rabin bayanin launi, a ɗauka da shi. Hoton naka kuma na ga alamar ta WhatsApp aka turo shi, an matse shi ya ƙara lalacewa. Koma wajen mai ɗauka ka kwafo na asali daga katin kyamara kafin ka sake taɓa komai.

In ka ɗora sabon bango, duba ta ina haskensa ke zuwa. Idan ita an haska ta ta hagu, rana kuma a hoton tana dama, juya bangon. Daidaita duhun kayanta da duhun wurin, sannan ka kawo min in gani a babban allo.