Na saka wa tsohuwar Sega cajar dikoda ta yi ƙauri, shin ta mutu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina gyara ɗakin marigayi yayana sai na ci karo da na'urar gem ɗinsa, Sega Mega Drive, irin ta farko mai faɗi, da hannu biyu da kaset shida. Adaftarta ce babu. Wani mai gyara a kasuwa ya ce mini duk adaftar da bakinta ya shiga za ta yi, sai na saka ta dikodar gidanmu mai 12V. Jar fitilar ba ta kama ba, na ji ɗan ƙauri, na yi maza na cire. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, don ita kaɗai ce abin da ya rage mini na yarintarmu da shi. Ta ƙone ke nan, ko akwai sauran fata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Ka kwantar da hankalinka tukuna, domin saurin cirewar da ka yi zai iya zama shi ya cece ta. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sake jona mata komai don "gwadawa", ko da na daƙiƙa ɗaya ne.

Maganar nan ta "in dai baki ya shiga" ta kashe na'urori fiye da yadda tsufa ya kashe, kuma kusan kullum sai na ji ta a bakin wanda ya kawo mini gawa a leda. Shigar baki girman rami kawai take nunawa. Mega Drive ta farko tana son wutar DC (mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir) mai bolt 9 zuwa 10, ƙarfin 1.2A, kuma tsakiyar fulogin ne mainos, gefensa filas. Cajar dikoda, da ta rauta, da kusan duk adaftar da ake zubawa a tire a kasuwa, tsakiyarsu filas ne. Kaurin bakin kuwa ɗaya ne, milimita 5.5 a waje, 2.1 a ciki, shi ya sa take shiga salin-alin ba gardama. Wato kai ba yawan wuta kaɗai ka ba ta ba, ka ba ta wutar a juye ne. Da mai gyaran nan ya juya adaftar ya dubi ɗan zanen da ke bayanta, da'ira mai ɗigo a tsaka da layi zuwa alamar + ko −, da bai faɗa maka haka ba. Amma da yawansu ba su taɓa sanin zanen yana da ma'ana ba, sun ɗauka ado ne.

Kuma ko da tsakiyar ta dace, bolt 12 ɗin ma ba alheri ba ne. A cikin wannan samfurin akwai regileta guda biyu, lamba 7805, manne da ƙarfen da ke shanye zafi. Aikinsu su sauke wutar da ta shigo zuwa bolt 5, abin da ya yi saura kuma su mayar da shi zafi. Ka ba su 9, suna ƙona 4. Ka ba su 12, suna ƙona 7, kusan ninki biyu, a cikin akwatin roba da ba shi da fanka, a ɗakin da dama zafin bazara ya cika. Za ta yi aiki yau, ta yi gobe, mai gyara ya ce ai ka gani, bayan wata biyu hoto ya fara rawa, a ce tsufa ne.

Akwai wasu tarkuna biyu a wannan layin da nake so ka sani tun kafin ka koma kasuwa. Na farko, adaftar Nintendo NES ta Amurka da Turai ita ma an rubuta mata 9V, bakinta yana shiga, amma AC take fitarwa, wato wuta mai kai-komo irin ta bango, don NES a cikinta take juya wutar zuwa DC. Sega ba ta da wannan tanadin. Na biyu ya fi ban haushi: ita kanta Sega da ta fitar da Mega Drive 2 a 1993, ƙaramar nan mai kusurwa huɗu, sai ta juya tsarin, tsakiya ya zama filas, ta kuma sauya bakin zuwa ɗan siriri. Saboda haka "adaftar Sega" ba suna ɗaya ba ne. Na sha ganin wanda ya yanke bakin wannan ya haɗa wa waccan da salatif, yana murna ya samo ta asali.

Sai kuma masu cewa a nemo ta asalin daga waje. To, daga wace ƙasa? Mega Drive ta fara fita a Japan ranar 29 ga Oktoba 1988, ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis, ta isa Turai a 1990. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230 ce irin ta Ingila. Adaftocin wancan zamani taransifoma ce zalla a cikinsu, ba irin cajar waya ta yanzu da ke karɓar 100 zuwa 240 ba. Ka soka ta Japan a soket ɗinmu, kafin ta mutu sai ta fara aika wa na'urar ninkin abin da ya kamata, wani lokaci har da hayaƙi. Ka juya na'urar ka duba takardar da ke ƙasanta. In ka ga HAA-2510 ta Japan ce, in MK-1601 ta Amurka, masu lamba 1600 kuwa na kasuwar PAL ne, wato ƙasashen da ke amfani da tsarin kalar talabijin irin namu da na Ingila. Ita na'urar ba ruwanta da wutar bango, DC ɗin da adafta ta ba ta kawai ta sani, don haka sabuwar adafta mai 9V, akalla 1.2A, mai mainos a tsaka, ta wadatar da kowacce daga cikinsu. In ampiya ta fi haka ba laifi, na'ura iya buƙatarta take ja. Kada ka yarda da rubutun jiki kaɗai, a sa mita a auna a gabanka.

Yanzu batun ƙaurin. A yawancin waɗanda na buɗe bayan irin wannan, regiletocin nan ne da kondensan da ke bakin shigar wuta suke ɗaukar dukan. Kondensa irin mai ruwa ba ta jure wuta a juye, takan kumbura ko ta tsage, kuma warinta ne mutane suka fi ji. Duka kayan arha ne, 7805 har gobe ana ƙera ta, kowane mai sayar da kayan gyaran rediyo yana da ita. Ka kai wa wanda yake da mita, ka ce ya sauya regileta biyun da kondensan da suka kumbura, ya duba ko wani layi a fanel ya ƙone ya tsinke, sannan ya tabbatar bolt 5 ne ke fita kafin a saka kaset. Tunda an buɗe, kondensan da suka haura shekara 30 ma gara a sauya su gaba ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba. In wutar ta tsallake regileta ta isa ga manyan ais ɗin (IC, baƙaƙen sassan nan masu ƙafafu da yawa a kan fanel), aikin ya yi nauyi. Ƙwaƙwalwarta Motorola 68000 ce mai gudun kusan megahaz 7.6, irin wadda Sega ta saka a injinan wasanta na System 16, tare da Zilog Z80 da ke kula da sauti, da Yamaha YM2612 mai wannan ƙarar da duk wanda ya zauna a gidan gem yake ganewa daga nesa. 68000 da Z80 ana iya samunsu. Ais ɗin hoto kuwa don Sega aka ƙera shi musamman, kuma kamfanin ya daina ƙera na'urorin gida tun 2001 bayan Dreamcast, sai dai a ciro daga wata matacciyar. Alamar hakan ita ce fitila ta kama, bolt 5 ya tsaya daidai, amma allo ya zauna baƙi da kowane kaset. Ko a nan ma kada a yanke hukunci sai an goge bakin kaset ɗin.

Gogewa na ce, ba hurawa ba. Dukanmu mun hura kaset muna yara, muna ganin dabara ce, alhali cirewa da mayarwar ne suke sa haƙoran su haɗu, yawun da muka fesa kuma yana can yana cin ƙarfen. Ka sami auduga irin ta goge kunne da sifirit, ka goge haƙoran gaba da baya har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da samfefa da wasu ke kankarewa da ita har su cire ruwan gwal ɗin da ke kare shi daga tsatsa.

In ta tashi ka ga hoton ba kala, kada ka koma wurin mai gyara da faɗa. Ta Japan da ta Amurka tsarin kala na NTSC suke fitarwa, wasu talabijin ɗinmu kuma PAL kaɗai suke karantawa, sai ka gwada wata talabijin ko ka sauya tsarin kala a cikin menu. Wannan samfurin yana da ramin iyafis a gaba da ɗan makunnin ƙara, kuma ta nan ne kaɗai sitiriyo yake fita, na baya mono ne. Ka jona sifika a nan ranar da za ka kunna wa yaranka.