Anga ko ƙwallon ɗaure jirgi? Amsa ga mai shirin zagaya tsibiran Grenadines

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kai da abokanka za ku ɗauki hayar jirgin shaƙatawa a watan Janairu, ku taso daga Sent Binsent ku gangara zuwa Girenada, kana son sanin yadda ake zaɓen wurin kwana, kuma wanne ya fi aminci tsakanin jefa anga da kama ƙwallon da ake ɗaure jirgi a jikinsa. Na daɗe ina aiki a jiragen da ke zirga-zirga a wannan yanki na Karebiyan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da anga da ƙwallo, babu wanda zan yarda in kwana a kansa sai na ga ƙasan ruwan da idona. Ruwan can garau yake, ana hango ƙasa daga saman jirgi, amma sai rana na sama. Shi ya sa nake matsa wa kowa ya isa masauki kafin ƙarfe uku na yamma. Daga hantsi zuwa azahar, idan rana na bayanka, launin ruwa zai gaya maka komai: shuɗi mai duhu zurfi ne, shuɗi mai haske da ya yi kore-kore yashi ne, wanda ya yi ƙasa-ƙasa ko rawaya kuwa duwatsun murjani ne dab da saman ruwa. Da rana ta karkata ta doki fuskarka, duk teku ya koma kamar faranti mai ƙyalli, ba ka bambance komai. Taswirar da ke cikin na'ura tana taimakawa, amma kada ta hana ka tsayar da mutum a goshin jirgi yana leƙen ruwa.

Iskar yankin daga gabas ko arewa maso gabas take kaɗawa kusan kullum, kuma a Disamba da Janairu tana ƙara ƙarfi. Don haka mafi yawan mafaka suna yammacin tsibirai. Sai dai akwai abin da baƙi ba sa lura da shi: a watannin nan, guguwar hunturu ta arewacin Atlantika tana turo manyan raƙuman ruwa daga arewa, su lanƙwaso su shiga lungunan da suka buɗe ta wannan ɓangare. Babu iska, sama fes, amma jirgi na ta tangaɗi har kwanuka na zubowa. Idan kana duba hasashen yanayi, kada ka tsaya a kan iska kawai, duba tsayin raƙuman ruwa da inda suka fito.

To, batun anga. Nemi farin yashi. A kan ciyawar ruwa anga yakan kwanta ne kawai ya yi ta jan ciki, a kan murjani kuwa haramun ne a wurina: ka kashe abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, sarƙarka kuma ta sarƙafe. Lissafin sarƙa ba shi da wuya. Ka haɗa zurfin ruwa da tsayin goshin jirgi daga ruwa, ka ninka sau 5. Zurfi mita 4, goshi mita 1, ka saki mita 25 ke nan. Idan iska ta tsananta ka kai ninki 7, wato mita 35. Ka sauke anga a hankali jirgi na ja da baya, kada ka zube sarƙar tsibi guda a kansa. Sannan ka sa inji a ribas, ka ƙara wuta sannu-sannu, ka ɗora tafin hannu a kan sarƙar can gaba da injin naɗe ta. Idan tana karkarwa tana tsalle, anga na ja. Idan ta miƙe ta yi tsit, ya kama. Bayan haka sai a sa gilashin ninkaya a shiga a gani. Abin da nake so in gani shi ne bakin angan ya nutse cikin yashi, sai ƙotarsa kawai a waje, ga ɗan layin da ya ja kafin ya kama.

Ƙwallo kuwa, mutane na ɗauka tunda an biya kuɗi to an tsira. Ba haka ba ne. A Admiralty Bay da ke tsibirin Bequia, da kun shigo masu ƙananan kwale-kwale za su tare ku kowa na nuna nasa ƙwallon. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma sun san wurin fiye da kai, ka girmama su, ku yi ciniki tun kafin su miƙa maka igiya. Amma ƙwallon wani a ɗaure yake da ƙaton dunƙulen kankare da sabuwar sarƙa, na wani kuwa tsohon ƙarfe ne da igiyar da gishiri ya cinye. Na taɓa nutsawa ƙarƙashin wani ƙwallo da aka ba mu haya, na tarar maɗaurin ƙarfen ya lalace har ya koma siririn abu kamar ƙusa, jirgi mai nauyin tan goma sha wani abu na rataye a kansa. Muka sake shi muka jefa angarmu. Idan ka kama ƙwallo, zura igiya biyu, kowacce ta fita ta dawo gefenta, don igiya ɗaya da ke gogar zoben maɗaurin ƙwallon dare guda tana iya tsinkewa. A wannan lungu kuma ka bar tsakiya fili, hanyar jiragen fasinja ce masu zuwa Port Elizabeth, garin da ke bakin lungun.

Tobago Cays shi ne wurin da kowa ke mafarki, tsibirai biyar ƙanana da babu mazauna, huɗu daga cikinsu a bayan wani dogon shingen murjani mai suna Horseshoe Reef. Wurin da gwamnati ke karewa ne, ana biyan kuɗin shiga, akwai kuma yankin kunkurun teku kusa da tsibirin Baradal da aka keɓe. Ka sani shingen yana tare raƙuman ruwa ne kawai, ba ya tare iska. Daga nan har gaɓar Afirka babu tudun da zai kare ka. Yashin yana riƙe anga sosai, amma ka saki sarƙa isasshiya, ka kuma bar tazara, domin jirgi mai gangar jiki biyu da mai gangar jiki ɗaya ba sa juyawa iri ɗaya a kan anga. Salt Whistle Bay a tsibirin Mayreau ƙarami ne, yana cika da wuri, akwai duwatsu a gefen mashigarsa biyu. In ka iske ya cika kada ka cusa kai, wuce Saline Bay da ke Mayreau ɗin, ko Chatham Bay a yammacin tsibirin Union, inda iska ke faɗowa daga tudu bugu-bugu amma akwai fili.

Alamomin hanya a can jar alama tana hannun dama idan kana shiga tashar ruwa, akasin yadda yake a Legas ko Turai. Kuma ƙasashe biyu za ku ratsa: ku yi sallama da kwastan da shige da fice a Union, ku sake shiga a Carriacou, wadda ke ƙarƙashin Girenada. Tsakanin Carriacou da Girenada akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin teku, Kick 'em Jenny, an hana kusantarsa da kilomita 1.5, kuma ana faɗaɗa haramcin idan ya motsa.

Kun yi dace da lokaci, domin kakar mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Amma ka tuna guguwar Beryl ta ranar 1 ga Yuli 2024 ta ragargaza Carriacou da Union da Mayreau, har jiragen da suka ɓuya cikin itatuwan bakin ruwa na Tyrrel Bay a Carriacou ta tara su kan juna. Bayan irin wannan masifa yashi yakan ƙaura, tarkace su zauna a ƙasa, alamomi su ɓace, don haka tsohon littafin jagora ba zai ishe ka ba. Tambayi kamfanin da ya ba ku jirgin halin da kowane lungu ke ciki yanzu, ka kuma yi sayayya wajen mutanen tsibiran, suna bukatar cinikin.

Da dare kunna farar fitilar saman jirgi, ka saita ƙararrawar anga a waya don ta tashe ka idan jirgi ya gusa, kuma tun da sauran haske ku yanke shawarar ta inda za ku fita idan iska ta juya. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.